Malamin Da Ya Fi Ƙarfin Tambaya: Darasi Daga Ritayar Wani Malamin Yoga

Gabatarwa

A duk lokacin da wani babban malami ya yi ritaya daga aikin koyarwa, jawaban da ake yi a wurin bikin sallama kusan iri ɗaya ne. Wannan ya tashi ya ce an yi rashin da ba za a iya cike gurbinsa ba, wancan ya ce Malam ya gaji, lokacin hutu ya yi. Kowa yana lissafin abin da makaranta ta rasa. Ba kasafai ake tsayawa a duba abin da shi malamin ya rabu da shi ba, in ban da albashi da ofis.

A ganina, babban abin da malami yake rabuwa da shi ranar da ya miƙa makullin ofis shi ne mutanen da suke da hurumin yi masa tambaya. A cikin makaranta akwai shugaban sashe, akwai abokan aiki waɗanda suka karanta abin da ya karanta, akwai kuma inda ɗalibi zai kai kuka. Ranar da ya fita, in har yana da sauran ƙarfi da farin jini, sai ya zama daga shi sai masoyansa, masoyi kuwa ba ya son tambayar da za ta ɓata wa gwaninsa rai. Wannan maƙala za ta kafa hujja da tarihin wani malamin yoga na ƙasar Indiya mai suna Krishna Pattabhi Jois. Ya koyar a kwaleji shekara 36, ya yi ritaya a 1973, sannan ya sake rayuwa wata shekara 36, mafi yawanta yana koyarwa a makarantar kansa, har ya rasu a 2009. Da yake aikinsa ya rabu gida biyu daidai, ya yi daɗin awo.

Mece ce yoga?

Kalmar yoga ta fito ne daga Sanskirit, tsohon harshen ilimi da addini na Indiya. Tushenta yana ɗauke da ma'anar ɗaurewa ko haɗa abu biyu, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. Littafin da aka fi ambata a wannan fanni shi ne Yoga Sutra na Patanjali, wanda ya ƙunshi gajerun jimloli 195 ko 196, gwargwadon kwafin da mutum ya samu. Patanjali ya kasa hanyar yoga mataki takwas. Na farko shi ne kamewa: kada mutum ya cuci wani, kada ya yi ƙarya, kada ya yi sata, ya kame kansa daga sha'awa, ya kuma guji handama. Zama ko tsayuwar jiki, wanda ake kira asana, shi ne ya zo na uku. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan jeri, domin za mu dawo kansa.

A yau da an ce yoga, abin da yake zuwa a zuciyar mutane shi ne motsa jiki da sarrafa numfashi a kan 'yar tabarma. Abin ya yaɗu har Majalisar Ɗinkin Duniya, a Disambar 2014, ta ware ranar 21 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar yoga, hukumar UNESCO kuma ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Kaso mai yawa na wannan yaɗuwa ya samo asali ne daga birni ɗaya a kudancin Indiya, wato Mysore, da malami ɗaya, Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989. Jois almajirinsa ne.

Shekara 36 a kwaleji

An haifi Jois a 1915 a ƙauyen Kowshika kusa da garin Hassan, a yankin da yau ake kira jihar Karnataka. A 1927, yana ɗan shekara 12, ya ga Krishnamacharya yana nuna fasaharsa a Hassan, ya bi shi ya zama almajirinsa. A 1930 ya bar gida ya tafi Mysore domin karatun Sanskirit. Sai aka yi dace malamin nasa ma ya koma can, inda Sarkin Mysore, Krishna Raja Wadiyar na 4, ya buɗe masa makarantar yoga a fadar Jaganmohan a 1933. A hannun wannan malami B.K.S. Iyengar da Indra Devi su ma suka yi karatu.

A 1937 aka ɗauki Jois aikin koyar da yoga a Kwalejin Sanskirit ta Mysore. A 1948 ya buɗe wata ƙaramar cibiya a gidansa da ke unguwar Lakshmipuram. A 1956 ya kai matsayin vidwan, wato ƙwararren masani. A 1962 kuma aka buga littafinsa mai suna Yoga Mala cikin harshen Kannada, harshen mutanen yankinsu.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan shekaru Jois malami ne cikin malamai. Yana aiki ne a tsakiyar masana Sanskirit, don haka idan ya ce littafi kaza ya faɗi kaza, akwai wanda zai iya ɗauko littafin ya buɗe. Ɗalibansa 'yan ƙasarsa ne, harshensu ɗaya, iyayensu ba su da nisa. Yana da na gaba da shi, yana da sa'o'i. Duniya ba ta san shi ba, amma waɗanda suke tare da shi sun san shi ciki da waje.

Shekara 36 bayan ritaya

Tun a 1964 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna André Van Lysebeth ya yi wata biyu yana karatu a wurin Jois, daga baya ya ambaci sunansa da adireshinsa a wani littafi. Wannan ne ya nuna wa Turawa hanyar gidan. A farkon shekarun 1970, daidai lokacin da yake barin kwaleji yana da shekara 58, Amurkawa suka fara zuwa. A 1975 ya kai ziyararsa ta farko Amurka, ya koyar a garin Encinitas na jihar Kalifoniya. Daga nan abu ya yi ta haɓaka har fitattun mawaƙa irin su Madonna da Sting suka rungumi tsarinsa. A 2002 ɗakin gidansa ya yi kaɗan, aka koma wani babban gini a unguwar Gokulam.

Ya kamata mu fahimci yadda ake karatun, domin a nan maganar take. Tsarin, wanda ya kira Ashtanga, yana da jeri shida na motsin jiki, kowanne ya fi na bayansa wuya. Ɗalibi yana haddace jerin, ya zo da asuba ya shimfiɗa tabarmarsa ya yi da saurin kansa, kwana shida a mako. Malami yana zagayawa, yana gyara wa kowa jiki da hannu: ya danna baya, ya ja ƙafa, ya murɗa kafaɗa. Ba a ƙara wa ɗalibi sabon darasi sai ranar da malami ya ga dama. Idan ana yi tare, da Sanskirit ake ƙidaya: ekam, dve, trini, wato ɗaya, biyu, uku. Ɗalibai suna kiran Jois da Guruji, lakabin girmamawa ga malami, da yawa kuma sukan taɓa ƙafafunsa bayan darasi. An san shi da cewa kashi 99 cikin ɗari na yoga aiki ne, kashi ɗaya ne kawai bayani.

Adalci shi ne a faɗa cewa ritayar nan ta amfani mutane da yawa. Da Jois ya naɗe tabarmarsa ya zauna cin fansho, da dubban mutanen da suka sami ƙarfin jiki da natsuwa ta hanyarsa ba su samu ba. Shekara 58 ba ƙarshen hankalin malami ba ce. Amma a wannan zango na biyu akwai tambayoyi biyu da ya kamata a yi masa, ba a yi ba sai da lokaci ya ƙure.

Tambaya ta farko: ina littafin?

An daɗe ana gaya wa ɗalibai cewa jerin motsin Ashtanga ya fito ne daga wani tsohon littafi mai suna Yoga Korunta, wanda aka ce an gano a wani ɗakin karatu a Kalkata. Har yau babu wanda ya fito da kwafinsa. Amsar da aka riƙa bayarwa ita ce tururuwa ta cinye shi. A ɗakin taron ƙara wa juna sani, ɗalibin da ya kafa hujja da littafin da tururuwa ta cinye ya san abin da zai biyo baya. A Mysore kuwa, labarin ya yi shekaru yana yawo a matsayin gaskiya.

Me ya sa? Nan ne ya shafe mu, mu masu nazarin harshe. Mafi yawan baƙin ɗaliban ba su jin Sanskirit, ba su jin Kannada, shi kuma malamin Ingilishinsa taƙaitacce ne. Littafinsa na Yoga Mala da aka buga a 1962 bai fito da Ingilishi ba sai a 1999, bayan shekara 37. Ke nan an yi fiye da shekara 20 mutane suna tsallako teku suna bin malamin da ba su iya karanta ko da littafinsa ba, balle littattafan da yake jingina da su. Wanda bai ji harshen ba yana iya haddace ekam, dve, trini, ya furta su daidai, amma ba shi da abin da zai auna maganar malami da shi.

Waɗanda suka ɗauko tambayar daga baya masu bincike ne da suka iya harshen. A 1996 Norman Sjoman, masanin Sanskirit, ya wallafa nazari a kan al'adar yoga ta fadar Mysore, inda ya fito da wani littafi na ƙarni na 19 mai suna Sritattvanidhi, mai ɗauke da zanen yanayin jiki 122, ya kuma nuna alaƙar yogar fadar da atisayen 'yan kokawa da na masu wasan motsa jiki. A 2010 Mark Singleton ya wallafa Yoga Body, ya kawo hujjojin cewa yogar zamani ta ɗauki abubuwa daga tsarin motsa jikin Turai na farkon ƙarni na 20. Daga 2015 zuwa 2020 kuma, a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, James Mallinson ya jagoranci wani aiki na tace tsofaffin littattafan yoga na Sanskirit da fassara su. Ba duk masana ne suka amince da kowace magana ta Singleton ba, kuma wannan shi ne daɗin abin: an rubuta hujja, kowa yana iya dubawa ya yi gardama.

Binciken nan bai rushe Ashtanga ba. Ya nuna cewa Krishnamacharya da almajiransa masu ƙirƙira ne, sun haɗa tsoho da sabo sun fitar da abin da ya yi aiki. A ganina wannan ya fi labarin tururuwa daraja. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta biyu: wa ya ba da izinin taɓawa?

Ta biyu ta fi ta farko nauyi. Bayan rasuwar Jois, musamman daga 2017 lokacin da mata a ƙasashe da dama suka fara fitowa fili da labarin cin zarafi, wasu tsofaffin ɗalibansa mata suka bayyana cewa ya riƙa taɓa su a wuraren da bai dace ba da sunan gyaran jiki, a cikin aji, a gaban jama'a. A 2018 marubuci Matthew Remski ya tattara bayanan wasu daga cikinsu a mujallar The Walrus ta ƙasar Kanada, a 2019 kuma ya fitar da littafi a kan batun. Wasu ɗaliban sun kuma yi ƙorafin raunin da suka ji saboda danna su da ƙarfi. Jois bai taɓa gurfana a gaban kotu a kan wannan ba, domin maganar ta yi ƙarfi ne bayan ƙasa ta rufe masa ido. Amma a Yulin 2019 jikansa kuma magajinsa, Sharath Jois, wanda shi ma ya rasu a 2024, ya rubuta a shafinsa na Instagram cewa ya ga irin wannan taɓawa da ba ta dace ba da idonsa, ya kuma ba da haƙuri.

Mu tuna da jerin Patanjali. Ma'anar kalmar Ashtanga ita ce gaɓoɓi takwas, gaɓa ta farko kuma ita ce kada a cuci wani, a kame kai daga sha'awa. Makarantar da ta ɗauki wannan suna ta ƙware a mataki na uku, ta yi sakaci da na farko.

Ban ce ritaya ce ta canza halin mutum ba. Abin da nake cewa shi ne, yanayin da ya samu kansa bayan ritaya ya toshe duk ƙofar da kuka zai bi. Yarinyar da ta tara kuɗi ta zo daga wata nahiya, ba ta jin harshen gari, darasinta na gaba yana hannun mutum ɗaya, izinin koyarwar da take fata ma yana hannunsa, wa za ta gaya wa? Shi ne malami, shi ne shugaban makaranta, shi ne mai jarrabawa, shi ne mai ba da shaida. Manyan ɗalibai kuwa, waɗanda sunansu da abincinsu suka dogara da kusancinsu da shi, da yawa sun gani sun kau da kai, wasu ma suka ce ai hikima ce da ƙaramin ɗalibi ba zai gane ba. Gaskiyar masu iya magana, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Laifin mai laifi yana wuyansa, amma shirun fadawa ne ya ba abin tsawon rai.

Masu cewa jami'a ma ba ta tsira ba

Wani zai ce, to ai a cikin jami'o'in ma ana cin zarafin ɗalibai, ina amfanin shugaban sashe da kwamiti? Wannan magana gaskiya ce, kuma mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labari ba. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ife shekara biyu saboda neman lalata da ɗaliba domin maki. A 2019 shirin binciken BBC Africa Eye ya fallasa irin wannan hali a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Katangar makaranta ba ta mai da kowa waliyyi.

Amma mu dubi abin da ya biyo baya. An dakatar da malamai, an kafa kwamitocin bincike, wani ya rasa aikinsa ya tafi gidan yari, duk suna raye, suna iya kare kansu. An yi haka ne domin akwai hukumar da za a matsa wa lamba, akwai dokar aiki da za a ce an karya. Ƙofar tana da nauyin turawa, wani lokaci sai an haɗa da 'yan jarida kafin ta buɗe, amma akwai ta. A Lakshmipuram da Gokulam babu wata ƙofa sai ta mai gida. Shi ya sa aka jira har ya rasu, lokacin da masu kuka ba za su sami hukunci ba, shi kuma ba zai iya ba da amsa ba. Kowane ɓangare ya yi asara.

Wani kuma zai kawo karin maganar nan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, akwai ilimin da ba ya shiga takarda. Yadda ake daidaita numfashi da motsi sai an gani an kwaikwaya, kamar yadda karin sautin harshe sai kunne ya ji daga bakin mai shi. Irin wannan ilimi yana buƙatar ɗalibi ya amince da malami. To amma amincewar da ta hana tambaya ita ce take mai da ɗalibi abin tausayi. Gwargwadon yadda karatu yake buƙatar miƙa wuya, gwargwadon yadda yake buƙatar shaidu da ƙa'ida.

Kammalawa

Masu yoga sun ɗauki darasi. A ɗakunan koyarwa da dama yanzu ana ajiye wa ɗalibi ɗan kati mai fuska biyu a gefen tabarmarsa, fuska ɗaya tana nuna ya yarda a taɓa shi, ɗayar tana nuna bai yarda ba, yana iya juya shi duk lokacin da ya so. Nazarin yoga kuma ya sami gurbi a jami'o'i, misali Jami'ar Loyola Marymount ta Amurka ta buɗe digiri na biyu a fannin a 2013.

Daga wannan tarihi ina ba da shawara uku. Ta farko ga makarantu: kada a sallami malamin da yake da sauran ƙarfi a yanke hulɗa da shi. A ba shi matsayin girmamawa, a riƙa gayyatarsa taro, a naɗi iliminsa a faifai da takarda tun yana nan ana iya yi masa tambaya a kan kowace hujja. Wannan yana adana ilimin, yana kuma barin malamin a cikin sa'o'insa. Ta biyu ga malaman da za su ci gaba da koyarwa bayan ritaya: su nemi wanda zai iya ce musu a'a, su ajiye shi kusa, kada jarrabawa da shaida da sauraron ƙorafi su taru a hannu ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta uku gare mu ɗalibai: mu koyi harshen da aka rubuta ilimin da shi har mu iya buɗe littafin da kanmu, idan kuma muka ga ana cutar na ƙasa da mu, kada darajar malami ta ɗaure mana baki.

Girmama malami wajibi ne, kuma tambaya cikin ladabi tana daga cikin girmamawar. Malamin da almajiransa suka ɗaga har ya fi ƙarfin tambaya, sun cuce shi, sun cuci ilimin da ya bari, sun kuma cuci na bayansu.